A haɗa ginin tunawa da tsabtace ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana a kan yadda muke tunawa da talakawan da masifa ta cinye, kuma zan ɗauko misalina daga birnin Bhopal na ƙasar Indiya. A daren 2 ga Disamba 1984, iskar guba ta ɓalle daga masana'antar maganin ƙwari ta kamfanin Union Carbide, ta lulluɓe unguwannin talakawa suna barci. Gwamnatin jihar Madhya Pradesh, inda Bhopal take, ta amince da mutuwar mutum 3,787, amma waɗanda suka tsira sun ce adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba.

A 2005 an shirya gasar zanen ginin tunawa, kuma zanen da ya yi nasara ya nemi a bar tsofaffin ƙarafan masana'antar a tsaye da tsatsarsu, su zama shaida ga na baya. Shekaru suka yi ta wucewa zanen yana kwance a takarda, alhali dattin gubar da aka zubar a filin yana tsiyaya cikin ƙasa, yana gurɓata rijiyoyin da jikokin mamatan suke sha. Sai a Janairun 2025 aka kwashe tan 337 na wannan shara. Wace irin girmamawa ce za a yi wa mamaci da dutse mai sheƙi, ɗansa kuwa yana ɗiban guba a famfo?

Mu ma a nan Yamai muna da namu. A watan Mayun 2019 motar dakon mai ta yi bindiga kusa da filin jirgin sama, mutum sama da 50 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ga kuma kwarin Gunti Yena, wanda yake kwasar ƙazantar tsakiyar gari yana juye ta cikin kogin Isa, kuma da wannan baƙin ruwan ne wasu masu lambu suke ban-ruwan salatin da muke saye a kasuwa. Daga nan ruwan yake gangarawa wajen masunta da manoman shinkafa na Saga.

Shawarata ga hukumomin birni ita ce a haɗa abubuwan biyu wuri guda. Ba gunki nake nufi ba, kada malamai su tashi mini. Ina nufin katanga mai ɗauke da sunayen waɗanda wutar ta ci, da inuwar itatuwa, da famfon ruwa mai tsabta wanda zai zama sadaka mai gudana a gare su. Sa'annan kuɗin da aka saba kashewa wajen ƙawata shatale-tale a karkata wani kaso zuwa tafkunan tace ruwa a bakin kwarin, a kuma kafa allo inda za a riƙa rubuta sakamakon gwajin ruwan kowane wata da Hausa da Zabarmanci, domin mai lambu da mai wanki su san abin da suke tsoma hannu a ciki.

Wassalam,
Mai karatunka daga unguwar Gamkalle, Yamai.