Wasiƙar Barka da Sallah daga Landan

Landan, 10 ga Zulhajji 1446 (6 ga Yuni 2025)

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa cikin ladabi da biyayya, ina yi muku barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina fatan kuɗin rago sun isa hannun Yaya da wuri, domin a nan ba a yanka a gida sai a mayanka, shi ya sa na ga gara a yi layyata a gabanku.

Na sami Idi a babban masallacin Regent's Park, daga can na zarce wurin aiki, saboda Sallah ta faɗo ranar Juma'a, wadda ita ce ranar da gidan tarihi na British Museum ke kaiwa ƙarfe 8:30 na dare a buɗe, maimakon ƙarfe 5. Shiga kyauta ce, baƙi kuwa sukan kai kimanin miliyan 6 a shekara, kuma cinkoson ya fi tsanani a bazarar nan tasu. Aikina tsayuwa ce a ɗakunan da aka baje kayan tarihi, ina nuna wa mutane hanya, ina hana su taɓa abin da aka ajiye. Na fi son a tura ni ɗaki na 25, inda kayan Afirka suke, har da tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwaso a 1897. 'Yan Najeriya sukan tambaye ni yaushe za a mayar da su, nakan ce hukuncin ba a hannuna yake ba, ko da yake tambayar tasu tana kan hanya.

Inna ta tambaya ko ina samun hutu. Ina samu, domin yanzu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9, don haka idan na tashi da yamma mukan zauna a ciyawa da abokai mu sha shayi, wani lokaci a taɓa ƙwallo. Wahalar tana wurin barci: isha'i sai wajen ƙarfe 11, asuba kuma wajen ƙarfe 3, wanda ya biye wa hira kuwa ƙafafunsa ne za su biya washegari. Saboda haka na mayar da yawo ranar da ba ni da aiki, nakan hau jirgin ƙasa zuwa Brighton, tafiyar kamar awa ɗaya, in sha iskar teku, duk da cewa bakin ruwan tsakuwa ce, ruwan kuma sanyi ƙarara.

Hutuna na shekara na ajiye shi sai Disamba, in Allah ya yarda, in zo gida bayan kaka. A gaishe mini da Kawu da Goggo da yara, a kuma sanar da ni ko ruwa ya sauka an yi shuka.

Ɗanku mai neman albarkarku.