Masu zane, kayan hawan Sallah ba kayan yaƙi ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu zana mayaƙan ƙasar Hausa a bangon makarantu da littattafan yara. Yawancinsu mahayan hawan Daushe suke kwaikwaya: rawani mai kunne biyu, alkyabba, doki ya sha ado. Wannan shigar biki ce.

A fara da takobi. Namu galibi miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, ana rataya kubensa a kafaɗa da hamila. Lanƙwasasshen takobin da ake ɗaura wa jarumi a ƙugu daga hotunan wasu ƙasashe aka aro shi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne lifidi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi yadi ne da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke shi gida-gida, a lulluɓe doki da mahayinsa. Yana tare kibiya, amma nauyi gare shi da zafi. Don haka dokin lifidi ba ya sukuwa, tafiya yake yi sannu a cikin sahu, a kusa da sarki. Wanda ya zana shi ya ɗaga ƙafafun gaba yana tashi sama bai san kayan ba. Mahayin ma sai an taimaka masa yake hawa, in ya faɗo kuwa tashi aiki ne, ga auduga da saurin kama wuta. A zane, ɗinkin ya fito rubu'i-rubu'i, ya sauko har gwiwar doki, kada ya yi laushi kamar zanen gado.

Sannan ina dakaru? Su ne mafi yawa a rundunar, amma ba a ganinsu a bango, wataƙila don mai tafiya a ƙasa ba ya ƙawata hoto. A Tabkin Kwatto a 1804, dawakan jama'ar Shehu Usmanu ba su wuce kusan ashirin ba, 'yan baka ne suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa. Kibiyarsu kyauro ce da bakin ƙarfe mai dafi, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, kwari kuma a rataye.

Haka yaƙin Giginya da aka yi da Turawa a Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903: in ba a nuna tazarar da ke tsakanin mahaya da bindigogi masu ruwan harsashi na Turawa ba, mai kallo zai ɗauka gaba da gaba aka yi, alhali yawancin mahayan ba su ko isa sahun sojan ba.

Malaman zane su riƙa kai ɗalibai Gidan Makama a Kano, su zauna gaban kayan yaƙin da fensir kafin su taɓa fenti.

Wassalam,
Wani malamin zane, Zariya