Godiya ga Sashen Ƙwari na Gidan Tarihin Halittu na Karlsruhe

Zuwa ga ma'aikatan Sashen Ƙwari,
Gidan Adana Tarihin Halittu na Karlsruhe, Jamus.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na ga ya dace in gode muku a bainar jama'a saboda aikin da kuke yi kan ƙwarin nan masu dogon baki da ake kira Trigonopterus.

Mai karatu da bai san su ba, ƙananan ƙwari ne da yawancinsu ba su wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Da yawansu suna zaune a cikin ganyen da ya zube a dazuzzukan tsibiran Indonesiya da Niyu Gini, kuma ba sa tashi sama. Rashin tashin ne ya sa kowane nau'i yake maƙale a ɗan yankinsa, har tsauni ɗaya ya kan mallaki nasa da babu shi a tsaunin da ke maƙwabtaka. A ido kusan duk kamarsu ɗaya. Sai an sa namiji a ƙarƙashin madubin ƙara girma, an ciro al'aurarsa an duba siffarta, sannan a tabbatar da gwajin DNA, kafin a ce wannan daban yake da wancan. Aiki ne mai cin rai da cin ido, wanda ba kowa zai jure ba.

Ku kun jure. A 2013 Dakta Alexander Riedel na sashenku da abokan aikinsa suka fitar da sababbin nau'o'i 101 daga Niyu Gini. A 2019 kuma, tare da Raden Pramesa Narakusumo na gidan tarihin dabbobi na Bogor, aka ƙara 103 daga Sulawesi, tsibirin da nau'i ɗaya tak aka sani a cikinsa tun 1885.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne ba ku ɓoye ba. Kun buga aikin a mujallar ZooKeys, wadda kowa ke karantawa kyauta a intanet, kowane ƙwaro da hoton jikinsa da na gaɓar da ake bambance shi da ita. Ni malamin makaranta ne, ba mu da kuɗin sayen mujallun kimiyya, kayan ɗakin gwajinmu kuwa sai a hankali. Da hotunanku nake nuna wa ɗalibai yadda ake rarrabe halittu.

Darasin da suka fi so dai shi ne binciken 2011, wanda ya gano cewa ƙafar waɗannan ƙwari tana shiga ƙugunsu ne a murɗe, yadda ake ɗaura noti. Yaran da iyayensu kanikawa ne sun fi kowa tambaya ranar.

Roƙona ɗaya: ku ci gaba da barin hotunan a buɗe, masu girman da za a iya haskawa a bangon aji.

Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Malamin ilimin halittu a wata makarantar sakandare