Ba gori ke koya wa mutum karatu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Maganar da baƙonku ya yi a shirin adabi na daren Asabar ta ƙona mini rai, har yau ban huce ba. Wai duk wanda bai ji daɗin littafin labarin da kuka tattauna a kai ba, to bai iya karatu ba, haɗa baƙi kawai yake yi. Mai gabatarwa kuma ya yi dariya ya wuce, ko kanzil bai ce ba. Haba!

Ina cikin waɗanda ya zaga. Sau uku ina ɗaukar littafin ina ajiyewa, kuma kullum a wajen shafi na 70 nake cijewa, inda marubucin ya saki labarin matar da yake bayarwa ya koma shekara 20 baya babu ko sanarwa. Ido na bin layi, hankali yana can wani wuri, sai in juya shafi biyu ban san me na karanta ba. Kowa na yabo, ni kuwa in yi gum saboda kunya.

A karo na huɗu na daina gaggawar ganin ƙarshe. Na rubuta sunayen mutanen ciki da dangantakarsu a 'yar takarda, na saƙala a bayan bango. Shafi 10 kacal a zama ɗaya, da safe, ba da dare ba lokacin da barci ke fizgata. Jimlar da ta yi tsawo in karanta ta a bayyane, kunnena ya ji. A haka na gano ashe mai ba da labarin ba duka gaskiya yake faɗa mini ba, kansa yake wankewa, kuma komawa bayan nan da na tsana a nan asirinsa ke tonuwa. Sai da na ajiye littafin a cinya na yi shiru.

Na gama shi, amma har yanzu ba zan ce ina sonsa ba, tsakiyarsa ta yi jan rai da yawa. Bambancin shi ne yanzu ina iya nuna abin da bai yi mini ba, da dalilina. Da a ce bayan ajiyewa ta biyu na ji baƙonku, wallahi da ban sake buɗe shi ba. Yara nawa ne suka saurare ku ranar suka yanke cewa su ne daƙiƙai?

A tambayar mini shi: Tolstoy, babban marubucin nan na Rasha, wanda a 1906 aka buga rubutunsa yana cewa ya sha karanta Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, amma gundura yake ji, shi ma haɗa baƙi yake yi?

Sannan don Allah a rage kiɗan da ake sakawa ƙarƙashin murya idan ana karanto wani sashe na littafi. Rabin abin da aka karanta makon jiya ban ji shi ba.

Naku,
Mai sauraro na kullum