Wasiƙa: Mai son koyon haɗa kayan lantarki ya fara da rizista

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan domin matasan da ke sha'awar haɗa ƙananan kayan lantarki da hannunsu. Da yawa cikinsu suna karaya tun ranar farko, don sun jona ƙwan LED, wato ƙaramin ƙwan fitila mai ƙafafu biyu, kai tsaye da batir, ya yi walƙiya sau ɗaya ya mutu. Ba ƙwan ne ba shi da kyau ba, rizista ce ba a sa ba, wato ɗan abin da ake jonawa tsakanin batir da ƙwan don ya rage wutar da ke bi ta cikinsa.

Jan LED bolt 2 kawai yake buƙata, kuma kada wutar da ke bi ta cikinsa ta wuce miliamfiya 20. Batir mai bolt 9 ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Lissafin kuwa ba wuya: a cire 2 daga 9, saura 7, a raba da girman rizistar, wanda ake aunawa da om; amsar a amfiya take, kuma miliamfiya 1000 ne amfiya ɗaya. Mai om 470 za ta ba da kusan miliamfiya 15, haske mai kyau ba tare da ƙwan ya wahala ba. Ana gane ta da zoben launi a jikinta: rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Fari ko shuɗin LED yana cin kusan bolt 3, sai a sake lissafi. Idan ƙwai biyu za a kunna gefe da gefe, kowanne a ba shi rizistarsa.

Doguwar ƙafar LED ita ke fuskantar alamar +, gajeriyar kuma tana gefen da aka ɗan shafe a gindin ƙwan. Allon gwaji mai ramuka ya fi dacewa da mai koyo domin ba ya buƙatar dalma, amma a sani ramuka biyar na layi ɗaya a haɗe suke ta ƙasa. Wanda ya cusa ƙafafun ƙwan biyu a layi ɗaya ba zai ga haske ba.

A ganina, mita, wato na'urar hannu mai auna bolt da amfiya, ta fi kowane kayan aiki muhimmanci. Bolt ana auna shi ne a kan ƙafafun abu biyu. Auna miliamfiya kuwa sai an yanke hanyar wutar an sa mitar a tsakani. Duk wanda ya juya ta kan amfiya ya ɗora a kan batir kai tsaye, fiyus ɗinta zai iya ƙonewa.

Daga nan sai kapasita, wato abin da ke ajiye wuta na ɗan lokaci. A sa mai maikurofarad 1000, wadda ke jure bolt 16, tsakanin + da − na allon, sannan a zare batir. Ƙwan zai dushe a hankali, mutum ya ga da idonsa yadda take ajiye wuta. Ratsin da ke jikinta ɓangaren − ne. In aka juya ta, takan kumbura, wani lokaci ta fashe.

Wanda hannunsa ya faɗa zai iya haɗa fitilar da ke kama da kanta in duhu ya yi. Ana buƙatar tiranzista BC547, wato ɗan abu mai ƙafafu uku da ke aiki kamar makunni, da rizista mai om 100,000 daga + zuwa ƙafarta ta tsakiya, da LDR, wato rizistar da ke jin haske, daga wannan ƙafa zuwa −. In rubutun tiranzistar na kallonka, ƙafafu a ƙasa, ta dama ta tafi −, ta hagu ta karɓi LED da rizistarsa daga +. Rufe LDR da yatsa, ƙwan zai kama. Wasu tiranzistocin jerin ƙafafunsu ya bambanta, don haka a duba kafin a musanya.

Ina jan kunnen iyaye da malamai: kada mai koyo ya taɓa wutar bango, ko ya buɗe caja ko talabijin, domin manyan kapasitocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare su daga soket. Batirin litiyam ma a jinkirta shi, don in wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya kamawa da wuta.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku