Sanarwa: Sistocin Tsibirin Tautra

Ƴan'uwa cikin Almasihu, barkanku da war haka. Ga bayanin da kuka nema kan sistocin Tautra, wani ƙaramin tsibiri a ƙasar Norwe.

Daga Amurka suka zo a 1999, suka fara zama a tsofaffin gidajen gona, kusa da kangon gidan zuhudun da aka kafa a 1207. An aza harsashin sabon gini a 2003, suka tare a 2006. Rufin cocin gilashi ne bisa katakai, don hasken rana ya ratsa, domin a tsakiyar hunturu yinin can bai kai awa biyar ba.

Sau bakwai suke taruwa addu'a kullum, ta farko tun kafin asuba. Tsakanin addu'o'i, shiru suke suna haɗa sabulu da man shafawa. Da cinikinsu suke ciyar da kansu.

Mu sa su a addu'ar yammacin yau, don Allah.