Siminti ba ya gyara tsohon gini

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin magina da masu kula da kayan tarihi kan wani kufai da ke ƙasar Sikotlan, fadar yaƙi ta Tantallon, a bakin teku kusa da garin North Berwick. Wani basarake, William Douglas, ne ya gina ta wajen shekarar 1350 da jan dutse mai laushi. Ganuwarta ta kai mita 15 a tsayi, kaurinta ya haura mita 3. A 1651 sojojin Cromwell, jagoran rundunar Majalisar Ingila, suka yi mata ruwan igwa, tun daga nan ba a sake yi mata rufi ba. Yau hukumar kula da kayan tarihi ta Historic Environment Scotland ce ke riƙe da ita, kuma ba sake ginawa take yi ba, hana rushewa kawai take.

Abin da ke cin irin wannan bango shi ne ruwa. Babu rufi, sai ya sauka ta ka, ya wanke ƙasar da ke tsakiyar bangon, sanyi ya daskarar da shi, dutse ya tsage. Inda aka taɓa liƙe tsakanin duwatsu da siminti, nan ɓarnar ta fi muni, domin siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin laima ta fita. Sai dutsen ya riƙa zagwanyewa, simintin na nan daram. Tsofaffin ƙarafan da aka ɗaure duwatsu da su ma kan yi tsatsa, su kumbura, su fasa dutsen.

Shi ya sa masu gyara suka koma ga farar ƙasa. Ana ƙwaƙule layin da ke tsakanin duwatsu da hannu, zurfinsa ya ninka faɗinsa, a share ƙura, a jiƙa. Kwaɓin kuwa awo 1 na farar ƙasa ne da awo 2 da rabi zuwa 3 na yashi mai kaifi. A dandanna shi ciki sosai, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki, don in ya bushe da gaggawa gari yake zama. Ba a aikin idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 5. A wasu kufan har ciyawa ake shimfiɗawa da ƙasarta a saman bango, ta tsotse ruwan sama.

Ga mu nan Jos da Gidan Tarihin Gine-ginen Gargajiya, mai kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya, ga tsofaffin gidajen dutse na zamanin haƙar kuza. Raina na ɓaci duk sanda na ga an yaɓa siminti kan tubali: laima ta taru a baya, damina biyu ko uku ɓawon ya ɓalle ya tafi da fuskar bangon. Makuba da laso, kayan yaɓen gargajiya masu kare bango daga ruwa, su ne abokan zaman ginin ƙasa. A nemi tsofaffin maginan da suka iya haɗa su, a biya su su koyar da matasa, a kuma duba indararo kafin ruwan Afrilu ya sauka.

Naka,
Wani magini, Unguwar Rogo, Jos